Labarin Mambilla

A gidanmu na Azare, idan mutum ya zo da zance ya cika masa gishiri, ba ma ce masa ya yi ƙarya. Cewa muke yi, "Wannan kuma labarin Mambilla ne." Da wannan maganar muka tashi ni da ƙannena, kuma ba wanda ya jawo ta sai Baba. Yana saurayi, bai daɗe da gama koyon aikin malamin dabbobi ba, gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta tura shi tudun Mambilla aikin allurar shanu. Lokacin Maiduguri ce hedikwata, daga ƙasar Katagum har bakin iyakar Kamaru duk jiha ɗaya ce. Shekara uku ya yi a can. Da Janar Murtala ya raba jihar gida uku a 1976, Bauchi da Borno da Gongola, kowa ya tattara ya nufi tasa, Baba ya sauko. Ƙafarsa ba ta sake komawa ba, amma bakinsa bai taɓa saukowa daga kan tudun nan ba.

Mun sha jin garin da ake kwana da bargo biyu a watan Afrilu. Mun ji gajimare yana shigowa ɗaki ta taga idan aka bar ta a buɗe. Mun ji saniya tana kiwo a gefen gangaren da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta taka. Wanda ya fi kowanne fita shi ne na wani idon ruwa a ƙoƙon wani tudu bayan Nguroje, kusa da inda suke kafa turken allura, wai ko da rana tsaka ka kurɓi ruwansa sai haƙoranka sun yi tsami don sanyi. Mu da muka tashi da ruwan randa, a ƙasar da suri ma ake yi masa kallon tudu, ina za mu kai wannan zance? Inna takan leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, a bar yaran nan su yi barci haka."

Bayan rasuwar Inna sai labarin ya ɗauke ɗif. Shekara biyu Baba bai ambaci Mambilla ba, ko jikoki sun tsokane shi sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbi. Shirun nan ne ya dame ni. Da hutun makaranta ya faɗo bayan ƙaramar Sallah, na ce wa maigidana mu kai Baba ya sake ganin wurin, yara ma su taka ƙasa da ƙafarsu, su huta da danne-dannen waya. Ya amince da sauri har na yi zargin dama neman dalili yake ya gwada motarsa a doguwar hanya. Dangi ne suka yi mana ca. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ba Umra ba, ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ku kwashi tsoho mai ciwon gwiwa ku tafi hawan dutse? Me aka ajiye muku a saman?" Na rasa amsar da zan ba ta, na ce ta dai sa mu a addu'a. Shi kuwa Baba da aka gaya masa bai ce uffan ba, amma washegari na tarar ya zaro wata tsohuwar kwat ta ulu daga ƙasan akwati ya shanya a igiya, tsakar gida duk ya ɗauki warin kafur.

Mu shida muka kama hanya bayan sallar asuba: Baba a gaba, maigidana a kan sitiyari, ni da yara uku a baya, ga kular dambun nama da cincin da filas ɗin shayi. Misau, Darazo, Dukku, Gombe, Kaltungo, muka haye Binuwai a gadar Numan, muka kwana a Jalingo. Ba abin da zan ce game da wannan ranar sai zafin bazara da ramuka da shingayen jami'an tsaro. Kashegari muka bi ta Sunkani da Garba Chede da Bali, daji yana ƙara duhu, duwatsu suna matsowa kusa da titi, har muka isa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. Babban ɗana, mai shekara 15, tun daga gida yake ɗauke da sunan Chappal Waddi a baki, ƙololuwar da ta fi ko'ina tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, can a bakin iyaka cikin wannan gandun. Da ya ji cewa tafiyar kwanaki ce a ƙasa, da masu gadin daji da 'yan dako da kwana a tanti, sai ya dubi kakansa, ya dube ni, ya haƙura da kansa.

A Mayo Selbe shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take ƙarewa. Ka ɗaga kai sai ka ga bango ya tokare sama, titi ya naɗe jikinsa kamar rawani. Muka tsaya mota ta huce. Wani direba da ke zuba wa tasa ruwa ya leƙa lambar motarmu, ya gane baƙi ne, ya ce wa maigidana, "Alhaji, ka riƙe ƙaramar giya, ka yi hon a kowace kwana. Ranar saukowa kuma kada ka dogara da birki, zai yi zafi ya saki." Maigidana ya yi godiya irin ta wanda yake ganin ya riga ya sani. Kwana uku kawai muka sha ya daina magana.

Sunan hawan nan Biyu da Sisi. Baba ya ce a yadda ya ji tun zamaninsu, sule biyu da sisi ne ladan wanda ya ɗauki kaya ya hau da shi. Yara ba su san sule ba balle sisi, sai da ya yi musu bayanin cewa sisi rabin sule ne, kuma a shekarar da ya fara hawa tudun, 1973, aka fito da naira da kwabo, amma mutane suka daɗe suna ciniki da sunan tsohon kuɗi. Ya ce lokacin ba kwalta, Land Rover ce kaɗai take iya hawa, idan ruwa ya sauka kuwa sai fasinja su sauko su tura. Ni dai ba na jin rabin abin da yake faɗa. Gefe ɗaya bangon dutse, gefe ɗaya rami wanda ban yarda na leƙa ƙarshensa ba. Kunnuwana suka toshe. Auta ya amayar da cincin ɗin da ya ci a leda. Hasbunallahu wa ni'imal wakil kuwa ban san adadin da na ja ba. Can sai ga wata tsohuwar Land Rover ta sako kai daga sama, an lafta mata ayaba har ba a ganin rufinta, yaron mota yana zaune a kan kayan yana cin rake hankali kwance. Baba ya nuna ta da carbi ya ce, "Wannan ai sa'ata ce."

Ban lura da lokacin da hawan ya ƙare ba. Iska ce ta fara gaya mini, ta shigo ta gilashi ta sa na ja mayafi. Da na duba waje sai na ga tuddai ne iya ganin ido, kamar an kikkife ƙore, kowanne lulluɓe da sabuwar ciyawa kore shar, don a can damina tana riga tamu sauka da wata biyu ko fiye. Jajayen shanu masu dogon ƙaho sun warwatsu a jikin gangare. Baba ya ce a tsaya. Ya fita, ya dogara da sanda, ya daɗe yana kallo, iska tana kaɗa masa babbar riga. Ba wanda ya yi magana. Sannan ya juyo wajen 'yata, wadda yake kira amaryarsa tun tana zanen goyo, ya ce, "Amarya, wannan ma labarin Mambilla ne?"

Muka wuce Maisamari da Nguroje, muka sauka a wani masauki a Gembu gab da magariba. Na buɗe famfo zan yi alwala, ruwan ya taɓa hannuna na yi tsalle baya. A watan Afrilu, watan da a Azare muke kwana a tsakar gida muna fifita da mafici! Da dare kowa ya tattaro abin da ya kawo na sanyi, ya zamana ba mai isasshe sai Baba, wanda ya fito cikin kwat ɗinsa yana taku ɗai-ɗai kamar sabon hakimi. 'Yata mai karatun kimiyya ta ce ba abin mamaki ba ne, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6, tudun nan kuwa yana kan kimanin mita 1,600. Baba ya ce, "Da na faɗa ba da digiri ba ai ba ku yarda ba." Bargo biyu muka nema a ƙara mana. Da asuba Auta ya buɗe taga don ya gwada, farin hazo mai laima ya kwararo cikin ɗaki, ya yi ta kai masa cafka.

A kasuwar Gembu Hausa tana ci, amma Fulatanci ne harshen ciniki tsakanin Mambilla da Kaka da Fulani da sauran mutanen tudun. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Fulatancin Baba, wanda ya kwanta shekara kusan hamsin, ya farka. Ya tsaya gaban wata mai fiya ya ce, "A waali jam?" Ta amsa da fara'a, suka shiga zance, ta ƙara masa gyara har uku. Ni da na yi cinikin irin fiyar nan da Hausa a rumfar gaba sai da na biya kusan ninki. Fiya kamar kan jariri, ayaba, dankalin Turawa, gwaza, zuma a galan. A kan hanyar komawa masauki babban ɗana ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran ƙaramar hukumar Sardauna alhali Sakkwato tana can wata duniya. Baba ya ce ai wannan ƙasa da ba Najeriya ba ce. Kamarun Jamus ce, da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa, wannan yankin ya faɗo hannun Ingila. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen arewacin yankin suka zaɓi Najeriya, na kudu suka bi Kamaru. Sardauna Ahmadu Bello ya yi ta zawarcinsu kafin ƙuri'ar, shi ya sa aka raɗa wa sabon lardin sunan sarautarsa. Ni kaina da na yi makaranta har jami'a, a bakin Baba na fara jin wannan daki-daki.

Mun leƙa gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Itacen shayin an aske shi daidai ƙugu, layi-layi yana bin jikin tudu, masu tsinka da kwanduna a baya suna cire ganye biyu da toho ɗaya daga kowane reshe, hannunsu ya fi idona sauri. Na murza ɗanyen ganye na shinshina, ko alamar ƙamshin shayi babu, ashe sai an bar shi ya yi yaushi, an niƙa, ya sha iska ya yi duhu, an gasa. Wannan yawo ne na mota da hoto. Tafiyar ƙafa ta gaske sai a rana ta uku.

Daga ƙauyen Yelwa ake shiga Ngel Nyaki, kurmin da ya maƙale a gefen tudun inda ƙasa ta karye ta gangara. Muka samu jagora, wani siririn saurayi da takalmin roba da sanda. Baba muka ɗora shi a babur zuwa bakin kurmin, mu kuma muka taka. Na sa wando a ƙarƙashin zane, na ari kambas ɗin 'yata, na ɗaure hijabi a ƙugu don kada ya harɗe ni. Na tambayi jagora nisan wurin, ya nuna da leɓe ya ce nan kusa ne. Kusan awa ɗaya muka yi muna bin doron tuddai cikin ciyawa mai raɓa kafin mu kai "nan kusa" ɗin. Wasu mata biyu ɗauke da ƙoren nono, ɗaya da goyo, suka taho daga bayanmu, suka gaishe mu, suka wuce, kafin in gama gyara numfashi sun zama ɗigo a kan tudu na gaba. Sai na tuna tambayar Gwaggo. Abin da muka ƙona mai na kwana biyu muka zo yi da sunan hutu, su hanyar kasuwarsu ce ta kullum.

A bakin kurmin akwai tashar masu bincike, aikin da wata malamar Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, Hazel Chapman, ta kafa, kuma yawancin masu aikin 'yan ƙauyukan nan ne. Mahaifinta ma'aikacin daji ne da ya zaga kurmukan yankin yana rubuta itatuwansu a shekarun 1970, wato shekarun da Baba yake zaga rugage da sirinji. Da na ji haka sai na ji wani iri, ashe ba ni kaɗai ce 'yar da labarin uba ya jawo ta tudun nan ba. Muka bar Baba a kan benci da filas, yana fuskantar kwarin, muka gangara.

Taku kaɗan rana ta ɓace. Daga fili mai iska sai ga mu cikin duhu mai sanyi da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Itatuwa sun miƙe sambal, sai ka karya wuya kafin ka ga reshen farko, jijiyoyinsu sun fito kamar katanga, gansakuka ta lulluɓe su, igiyoyi suna reto. An yi ruwa da dare, jar ƙasar ta zama sabulu. Na zame sau biyu, na biyun da mazaunai na ƙarasa gangaren, yara suna dariyar da suke ƙoƙarin ɓoyewa. Jagora ya ɗaga hannu muka yi tsit. Can sama rassa suka motsa, sai ga birai baƙaƙe, kowanne da ɗigon fari a hanci kamar ya tsoma shi a garin tuwo. Gaba kaɗan ya nuna mana wani tarin rassa da aka lanƙwasa aka saƙa a saman bishiya, ya ce gadon cimfanzi ne, babban birin nan mai kama da mutum, kowane dare sabo yake yi. Ya ce kaɗan suka rage a kurmin, shi kansa ya fi jin kukansu a kan ganinsu. Ba mu gan su ba. Auta ya ce gara haka.

Muna tsaye muna kallon gadon ne maigidana ya ja da baya don ya ɗauki hoto, bai duba ƙasa ba, ya tsaya a tsakiyar layin kwarkwasa. Su kuwa ba sa cizo tun daga ƙasa, sai sun hau sun rarrabu tukuna. Mutumin da ko gudu ban taɓa ganin ya yi ba tun aurenmu, sai ga shi yana tsalle yana dukan cinyoyinsa yana salati, ya jefar da waya, ya faɗa bayan wata bishiya yana kiran babban ɗansa ya zo ya taimaka. Na juya baya na toshe baki da hijabi saboda girman maigida, amma kafaɗuna sun tona ni. Har yau in ana so a ga ya canza zance a gidanmu, a ambaci kwarkwasa.

Fitowa daga kurmin ita ce ta gwada ni. Gangaren da na sauka da mazaunai yanzu shi zan hau da ƙafa. Zuciyata tana bugawa har cikin kunne, maƙogwaro ya bushe, cinyoyi suna rawa. Na yi niyyar zama, jagora ya hana, ya ce in na zauna ƙafar za ta yi sanyi ta ƙi tashi, in huta a tsaye, in jingina da sanda. Ya ce in daina kallon sama, in rage tsawon taku, in riƙa bin gangaren a karkace ina komowa, yadda shanu suke yi. Sai a lokacin na gane siraran layukan da nake gani a jikin kowane tudu kamar an tsaga kitso, ashe sawun shanu ne na shekara da shekaru, ba saniyar da take tunkarar tudu gaba da gaba. "Seɗɗa-seɗɗa, Hajiya," yake ta faɗa, wato kaɗan-kaɗan. A bakin kurmin ya nuna mini inda wutar da ake cinna wa ciyawa da rani take cin gefen dajin, da inda suka kewaye da waya suka dasa 'ya'yan itatuwa don ya farfaɗo. Na gyaɗa kai kawai, ba ni da numfashin tambaya.

Saura idon ruwan Baba. Shi bai san sunan da ake kiran tudun yanzu ba, hanyoyin da ya sani kuma sun sauya. Bayan azahar a wani masallaci a Nguroje ya zauna da tsofaffi, aka yi ta juya zance da Fulatanci, har aka samu wani dattijo da ya tuna turken allura, ya ce yana yaro ya sha kora shanun babansa zuwa can. Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Suka tuna bushiya, cutar da take share garke a mako guda, da yadda ake tsaga kunnen duk saniyar da aka yi wa allura don a gane ta. Baba ya gaya masa ai tun 2011 aka sanar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, ya faɗe ta da wata murya kamar shi kaɗai ya yi aikin. Dattijon ya ce da ma rashin ƙudan tsando da sammore ne ya hawo da kakanninsu tudun nan, yanzu kuwa ba cuta ce damuwarsu ba, ƙasa ce ta yi kaɗan. Ya haɗa mu da jikansa ya raka mu.

Da safe babura uku suka kai mu gindin tudun. A hanya Baba yana ta waige-waige. Ya ce a zamaninsa sai ka yi tafiyar wuni a kan doki ba abin da ya tare ka. Yanzu waya mai ƙaya ta yanka tuddan gida-gida, wannan makiyayar wane, waccan gonar wane, ga dogayen bishiyoyin turare an dasa ko'ina don katako da itacen girki. Rigimar ƙasa tsakanin manoma da makiyaya a nan ba wasa ba ce, a 2017 ta ci rayuka da dukiya masu yawa, kuma mun lura mutane ba sa son a tayar da zancen. Mu ma baƙi ne, muka kama bakinmu.

Baba ya gyara hula, ya ɗaure kwat, ya ce bismillah, ya fara hawa a gabanmu. Na ƙirga masa taku a zuci ban san dalili ba. Bai kai ɗari biyu ba ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya sake gwadawa, ya sake tsayawa. Ya ɗaga kai ya dubi tudun, ya daɗe. Na ce, "Baba, ko mu nemo doki?" Ya girgiza kai. Ya ce, "Ku je ku gano mini shi. In kun haye wancan doron za ku ga wani ƙoƙo a hannun dama, da 'yan itatuwa a ciki. Yana nan in Allah ya so." Akwai ruga a kusa, suka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya. Maigidana ya ce shi zai zauna da Baba. Na so in yi dariya, don shekara goma sha bakwai ke nan mutanen nan biyu ba su taɓa wuce gaisuwa da zancen damina ba saboda kunyar surukuta, ga kuma ƙafarsa da ba ta gama warkewa daga kwarkwasa ba.

Ni da yara da jikan dattijo muka ci gaba. Sau biyu yaron yana kiran masu wuri daga nesa yana neman izini kafin ya ɗaga mana waya mu sunkuya mu wuce. Tudun Mambilla yana da wata yaudara: ka hango ƙarshensa, ka tattara ƙarfinka ka kai, sai ka tarar da yayansa zaune a bayansa. Sau uku ana yi mana haka. Auta, mai shekara tara, wanda na yi zaton shi za a goya, shi ne a gaba yana tsalle kamar ɗan akuya. Babban ɗana mai Chappal Waddi ya yi shiru, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ni kuwa na riƙe karatun jiya, ƙaramin taku, a karkace, hutu a tsaye. Da na waiga sau ɗaya na hango rugar can ƙasa kamar an zubar da goro, da wani ɗigon fari a gindin bishiya wanda na san Baba ne.

Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka haye doron, sai ga ƙoƙon a hannun dama, da 'yan itatuwansa, daidai yadda ya faɗa. Na ji tsigar jikina ta tashi. Amma idon ruwan bai kai na labari ba. Baba yakan ce yana ɓulɓulowa kamar tukunya tana tafasa, mu kuwa siririn ruwa muka tarar, kaurin yatsa biyu, yana fitowa daga ƙarƙashin wani baƙin dutse yana taruwa a ɗan gurbi mai yashi, sawun shanu kewaye da shi. Yaron ya ce kakansa yana cewa ya ragu tun da aka dasa turare a saman, wai bishiyar tana da shan ruwa. Na durƙusa na wanke hannu, na kamfata na kurɓa. Sai da na runtse ido. Sanyin ya bi haƙorana ya hau har goshi. Yara suka yi ta sha suna ihu suna riƙe muƙamuƙi. Na zauna a kan dutsen na yi wa Inna addu'a, ita da ta sha jin labarin ruwan nan fiye da kowa ba ta taɓa ɗanɗana shi ba.

A nan na tuna na bar filas a ɗaki. Gorar roba kawai ke hannunmu. Muka cika ta, Auta ya ce shi zai riƙe, ya rungume ta a ƙirji kamar jariri. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, yatsun ƙafa suna tokarar bakin takalmi, ga rana ta fito ta buɗe sosai. Sai da muka yi fiye da awa ɗaya.

Muka tarar da Baba da surukinsa sun baje a tabarma, ƙwaryar kindirmo a tsakaninsu, suna hira har da tafawa. Auta ya ruga ya miƙa masa gorar da hannu biyu. Baba ya buɗe, ya yi bismillah, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya haɗiye. Muka zuba masa ido.

Ya ce, "Ruwa dai mai daɗi. Amma ina sanyin?"

Auta ya daka tsalle. "Wallahi Kaka, a can sama da sanyinsa! Haƙorana har tsami suka yi, ka tambayi Umma! A hanya ne ya huce!"

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi surukinsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Kai dai abokina, wannan labarin Mambilla ne."

Sannan ya naɗe hannun kwat, ya tsiyaya sauran ya yi alwala.